Gidajen da Injin Ya Maido

A shekarun da na yi aiki a Birnin Ƙonni, ɗakin da ya fi kowane sanyi a buro ɗinmu ba na direkta ba ne, na ordinata ne, wato kwamfuta. Ita kaɗai aka saya wa injin sanyaya ɗaki, ita ake lulluɓewa da zane in an tashi aiki, kuma duk mai shiga wurinta sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ni ne mai zama gabanta, don haka nake cin arzikin sanyin, abokan aiki kuwa suka sa mini suna mijinta. Ban taɓa jin haushin sunan ba. Wajen tsakiyar shekarun casa'in ne, ina saurayin ma'aikaci mai ji da kansa, na dawo daga karatun ƙididdiga ina ganin babu abin da zai gagari lissafi a ƙasar nan.

Aikin da aka ɗauke ni, wani proje ne na haƙa rijiyoyin lambu a ƙauyukan Illela da Malbaza da kwarin Badagishiri. Rijiyoyin ba su isa kowa ba, dole a zaɓi inda za a sa su. Masu ba da kuɗin kuma abu guda suke so su sani: a ina ne ruwan lambu zai sa maza su zauna gida da rani, maimakon su cika mota su tafi cin rani da zarar an gama girbi? Don amsa wannan muka bi gidaje muna tambaya, ni da wasu samari, kan babura, har fatar bayanmu ta saba da rana.

Cikin garuruwan da muka bi har da tungar gwaggona, ƙanwar mahaifina, can bayan Badagishiri, nesa da kwalta. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Manyan 'ya'yanta maza sun fara ne da zuwa Kurmi suna dawowa kowace damina, daga baya sai saƙo, daga baya saƙon ma ya ɗauke. Autan ne ya rage mata, taubashina, wanda tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba sai da tsokana. Shi ma ya kama hanyar yayyensa. Kowace shekara yana ƙara jinkirin dawowa, har a shekarar da ta gabaci wannan sai da mata suka gama shuka sannan ya iso. Gwaggo ba mai roƙo ba ce. Abin da kawai ta taɓa ce mini, tana tankaɗe ba ta ko dube ni ba, shi ne, "Da da ruwa nan kusa, da ya zamna." Na san abin da take tsoro: wata damina za ta zo, shi ma ba zai zo ba.

Ranar tambaya na zauna gabanta da takarda, ina jin kaina babban mutum. Ta amsa maganar gona, ta amsa maganar nisan rijiya, ta faɗi wanda ke tafiya da wanda ke zama. Sai muka zo kan dabbobi.

"Gwaggo, bisashenki nawa na?"

"Suna nan, alhamdu lillahi."

"Na san suna nan. Nawa na?"

"Kai dai lakwal, makarantar bokon nan, ta ɓata ka. Wa ka taɓa gani yana ƙidayar bisashe da baki? Ka ƙidaya su yau, gobe ka ishe guda ta kwanta."

Taubashina yana gefe yana gyaran igiya, ya tsokane ni da lakabin Faransanci da ake kiran ma'aikata da shi, ya ce, "Rubuta dubu, mushe. In masu jangali sunka taho, kai da ka rubuta kai za su kamawa."

Na lallaɓa, na yi fushi, na rantse ba haraji ba ne, duk a banza. Ni kuma ba ni da hanyar sani, domin wasu awakinta suna hannun Fulani, wasu tumakin suna wajen wani Buzu can arewa, kuma ƙa'idar aikinmu ba a rubuta abin da ba a faɗa maka ba. Na bar gurbin fanko. Ba ita kaɗai ba ce. Kusan duk tungayen nesa haka suka yi mana, musamman tsofaffi da masu kiwo. Wani ya ƙi faɗin dabbobi, wani ya ƙi faɗin damman da ke rumbu, wata ta ce ba a ƙidayar ɗiya. Garuruwan bakin hanya kuwa, waɗanda suka saba da kasuwa da ma'aikata, kafin ka rufe baki sun ba ka adadi, ko gaskiya ko ƙarya.

Amsoshin nan duka muka zuba cikin ordinata, cikin wata manhaja da mu a buro muke ce wa lojisiyal. Aikinta ya bambanta da lissafin da aka saba. Akwai abubuwan da ba a iya aunawa kai tsaye, kamar ƙarfin gida. Ba wanda ya taɓa ɗora ƙarfin gida a sikeli, amma ana ganin alamunsa a rumbu da garke da yawan hannuwan da ke noma, kamar yadda mai haƙa rijiya ke gane akwai ruwa a ƙasa ta wurin itatuwan da suka tsiro a sama. Sai ka zana abin da kake zato: ƙarfin gida yana shafar tafiya cin rani, ruwan lambu yana shafarta, kusancin kasuwa ma haka, kowane da kibiyarsa. Manhajar ta ɗauki zatonka ta gwada shi da amsoshin mutane, ta gaya maka wace kibiya ce mai ƙarfi, wace ce ba ta da kataɓus, da kuma ko zanen naka ya yi kama da duniya ko mafarki kake yi.

Ranar da na fara ganin wannan a makaranta, na kasa cin abincin rana. Har yau ina jin mamakin cewa mutum ya zauna ya samo hanyar auna abin da ido bai gani.

Sai dai zubin manhajar da muke da shi tsoho ne, kuma mai tsaurin kai. Ba ka zana masa komai. Sai ka fassara zanenka zuwa layukan umarni da sunayen haruffan Girka, ka buga su ɗaya bayan ɗaya, in ka manta waƙafi guda ya tofo maka takarda cike da ƙorafi. In ya karɓa, ka tashi ka yi salla, ka sha shayi zagaye na farko da na biyu, kana addu'ar kada kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Kuma yana da wata doka da kowa ya sani, tana rubuce cikin littafinsa: gida in ya rasa amsa ko guda, a yadda muke aiki da shi, gidan duka ake fitarwa daga lissafi. Haka aka koya mana, haka kowa ke yi, ba mu ɗauke shi wani abu ba. Ni dai na lura adadin gidajen da ke saman takardar sakamako ya yi ƙasa da wanda muka zuba, na ce to, waɗanda suka rage ma sun isa.

Sakamakon ya fito sarai. Kibiyar da ta tashi daga ruwan lambu zuwa zaman gida siririya ce, ba ta da ƙarfi sai inda kasuwa ke kusa. Maigidana a buro, wani dattijon injiniyan noma ɗan Malbaza, mai haƙuri da jinkirin magana, ya rubuta rahoto a kan haka ya aika Yamai: a sa rijiyoyi a garuruwan bakin hanya, inda albasa za ta sami mai saye. Tungar gwaggo ba ta ciki. Na ji zafin abin ƙwarai, amma ban yi gardama ba, domin ni na buga lissafin da hannuna kuma na yarda da shi fiye da yadda na yarda da son raina. Sai na rage zuwa tungar. Ban san da wane baki zan gaya mata ba.

Ana cikin damina sai ga ƙunshi daga Yamai, ya sha hanya har kwalinsa ya yi laushi. Sabon zubin manhaja ne, disket-disket cikin leda, da littafi mai kauri da Turancin Ingilishi wanda na riƙa bi da ƙamus. Da shi aka aiko wani ɗan abu mai wutsiya da ake turawa a kan tebur, maigida ya ɗaga shi ta wutsiyar ya ce wannan ai kusu ne, sunan kuwa ya bi shi.

Da na sa sabon zubin, sai na ga farin fili a gilashi, babu wurin buga umarni. Na tura kusu na zana da'ira, ta tsaya. Na rubuta mata ƙarfin gida. Na zana akwatuna, na ja kibiyoyi da hannuna, daidai yadda nake zana su a bayan takarda shekara da shekaru. Abin da a da nake kwashe yini ina fassara wa injin, yau shi ne ya koyi karanta zanena. Na kira masinja da direba da mai shara su zo su gani, suka tsaya bakin ƙofa ba takalmi suna kallon babban mutum yana zana ƙwai a talabijin yana murmushi shi kaɗai. Direba ya tambaya ko aikin ke nan da ake biyana, na ce masa ya fita.

Don gwaji kawai na ba shi amsoshinmu na bara, ina so in ga saurinsa. Na danna, na miƙe zan ɗora shayi, kafin in kai ƙofa ya gama. Na dawo na duba saman sakamakon, sai na ga adadin gidaje ba wanda na saba gani ba ne. Duka gidajen da muka zuba ne, babu wanda ya fita. Na ɗauka kuskure na yi. Na buɗe littafin ina bi da yatsa har na sami wurin. Sabon zubin ba ya korar gida don ya rasa amsa guda. Ba ya kuma ƙirƙiro masa adadin ƙarya ya cusa a gurbin. Abin da gidan ya faɗa yake ɗauka ya yi aiki da shi gwargwadonsa, abin da bai faɗa ba ya bar masa.

Sannan na dubi kibiyar ruwan lambu. Ta yi ƙarfi har ta wuce ta kasuwa. Gidajen da suka dawo su ne na tungaye, inda babu kanti babu tasha babu wata sana'ar rani, inda namiji in yana da ɗan lambu a fadama yake zama, in ba shi da shi yake tafiya. Tun ranar farko maganarsu tana cikin injin, a kan faifai guda da ta kowa, zubin da ke karantawa ne bai iya jin mutumin da ya yi shiru a wuri ɗaya ba.

Na kwashi takardun biyu na shiga wurin maigida ko sallama ban yi da kyau ba. Ya sa tabarau ya duba wannan, ya duba wancan.

"Amsoshi guda na?" ya tambaya.

"Guda na, ranka shi daɗe."

"Injin guda?"

"Guda. Zubin ɗai ad daban."

"To wane na maƙaryaci cikinsu? Ni na riga na sa hannu ga rahoto. Ba ni komawa Yamai in ce musu bara injin ya ce hagu, bana ya ce dama, baɗi kuma sai abin da Allah Ya yi."

Raina ya ɓaci, don na ga kamar tsoron manya ne ke magana. Na kusa faɗin abin da zai sa a kore ni. Amma tambayarsa tana kan hanya, kuma shi ne ya kawo dabarar da ta raba gardamar. Ya ce in umarci sabon zubin ya yi irin halin tsohon, ya kori duk gidan da ke da gurbi, mu gani. Muka koma ɗakin sanyi tare, ya tuɓe takalmansa ya tsaya bayana. Na kori gidajen, na danna. Kibiyar ta rame ta koma yadda take a rahoton bara, kusan lamba da lamba. Na maido su, ta cika. Ya ce in sake. Na sake. Muka yi ta korar mutanen tungaye muna maido su, kibiya tana ramewa tana cika a gaban idonmu.

Dattijon nan ya jawo kujera ya zauna a hankali. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe ba wanda yay yi ƙarya. Wancan da rabin gari yay yi shawara."

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da suka gyara manhajar. Ban san su ba, ba su san akwai wani wuri Badagishiri ba. Ba su taɓa jin cewa tsohuwa tana tsoron baki a kan awakinta ba. Suna can wata ƙasa sun shafe shekaru suna fama da tambayar da ni na ɗauka ba tambaya ba ce, wato me za a yi da gurbin da aka bari fanko. Suka warware ta a takarda, suka sa a disket, disket ya hau jirgi ya hau mota ya iso Ƙonni, ya buɗe wa gwaggona ƙofar da ni ɗan ɗan'uwanta na kasa buɗe mata. Littafin bai ɓoye iyakarsa ba, ya yi gargaɗi cewa in shirun mutane yana da dalilin da ba ya cikin sauran amsoshinsu, lissafin zai iya karkata. Mun duba wannan iyakar iyawarmu, muka rubuta shi a fili cikin sabon rahoto. Daga baya na ga zubi iri-iri sun zo sun wuce, kowane ya ɗan motsa lambobi, ya kawo sabon ma'auni, ya raina na gabansa. Tun daga ranar nan ban ƙara karanta sakamako ba sai na tambayi wane zubi ne ya fitar da shi, kuma su wa ya bari a waje.

Maigida ya ɗauki sabon rahoton ya tafi Yamai da kansa. Manya ba sa son a ce su sake shawara, aka yi ta kai ruwa rana, amsa ba ta zo ba har aka yanke gero aka ɗaure.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga taubashina a buro da jakarsa a kafaɗa, zai ƙetare iyaka. Na ja shi ɗakin sanyi, na sa ya tuɓe takalmi, na nuna masa da'ira da kibiya. Na kori tungarsu na maido ta a gabansa. Ya kalla sosai, ya fi yadda na zata.

"To yanzu muna ciki ko muna waje?" ya ce.

"Kuna ciki."

"Rijiyar hwa?"

Na ce masa ana kan magana. Na roƙe shi ya dakata ko mako biyu ne a gidana, ci da sha a kaina. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin an shayar da albasa da maganar Yamai ba, kuma abokan tafiya suna jiransa a tasha. Ba ni da alkawarin da zan iya yi masa, ban kuwa yi na ƙarya ba. Na raka shi har mota. Da ta tashi na ji haushinsa, na ji haushin manya, na ji haushin gidan waya da ya riƙe ƙunshin nan a hanya. A bakin tasha na zauna kan benci na mai shayi na daɗe ban koma aiki ba.

Amsa ta zo bayan tafiyarsa da kaɗan. An raba rijiyoyin, wasu bakin hanya, wasu tungaye, tungar gwaggo tana ciki. Da bazara aka haƙa, aka zuba kankare, ruwa ya fito ba da nisa sosai ba. Gwaggo ta ba duk wani mai tafiya Kurmi saƙo, ban san wane ne ya isa ba. Taubashina dai ya dawo a makare kamar kullum, bayan ruwan shuka, ya yi noma, bai ce wa kowa ga niyyarsa ba. Ni ma ban tambaya ba, don na san in na tambaya tsokana zan samu.

Da aka gama girbin wannan shekarar, ranar kasuwar Badagishiri da motoci ke lodin masu cin rani, na ɗauki babur na je. Na bi motocin ɗaya bayan ɗaya ina leƙa fuskoki, ina tsayawa duk sanda na hangi mai irin tsayinsa. Na ga samarin tungaye da yawa, domin rijiya ba ta tsayar da kowa ba. Shi ban gan shi ba. Na wuce tungar, na same shi bayan gari cikin laka har gwiwa yana jan fangalin albasa, ya ɗago ya ce in ma'aikacin gwamnati ya zo taimako ga guga can, in kallo ya zo yi ya matsa daga kan irinsa.

Na shiga gida na gaida gwaggo. Ta kawo mini hura a ƙwarya, ta zauna nesa kaɗan tana tsinkar zogale. Na so in ba ta labarin zubi biyu da kibiyar da ke ramewa tana cika, na fara, na ga ba ta bi na, na bari. Can daga bayan danga muka ji shi ya shigo zaure yana wanke ƙafa, ya yi tari.

Hannunta ya tsaya a kan zogalen. Ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Na manta rabon da in ji tarin namiji cikin gidanga da rani."

Ta share ido da bakin zane, ta tashi ta je ta ƙara gari a tukunya.